Motar Lantarki Ta Iso Dawanau, Amma Ina Mai Gyaranta?

Cikin bazarar da ta wuce muka fita rangadin duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a makarantun da ke gefen hanyar Katsina, har muka ya da zango a Dawanau. Duk wanda ya san Kano ya san wannan kasuwa ta ƙasar Dawakin Tofa, wadda a ke cewa babu kamarta wajen hatsi a duk Afirka ta Yamma. Nan ne gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓo su ke taruwa, wasu a yi Nijar da Chadi da Kamaru da su, wasu a kai su bakin teku a sa su cikin jirgi. A bayan wani sito na riɗi muka hangi wata farar mota, sabuwa ful, an rufe rabinta da tamfol, ƙura ta lulluɓe gilas, kaji suna kiwo a ƙarƙashinta. Mai ita kuwa tsohon ɗalibinmu ne, wanda ya aje alli ya kama fatauci, Allah kuma ya buɗa masa.

Bayan mun gaisa muka tambaye shi lafiyar mota. Sai ya ce, "Malam, yau mako bakwai ke nan ba ta motsa ba. Ba ta yi karo ba, ba ta faɗa rami ba. Wata safiya ce kawai na taɓa ta, sai ta rubuto mini magana da rubutun mutanen Sin, ta ƙi tashi. Kanikawa huɗu na kawo, kowa ya buɗe gaba ya duba, ya ce shi bai ga inji ba balle ya san inda zai sa sifana."

Motar lantarki ce, watau irin wadda ba ta shan fetur ko gas, sai a cika batirinta da wuta kamar yadda a ke yi wa wayar hannu. Wakilinsa da ke karɓar masa riɗi a ƙasar Sin shi ya sayo ta, aka sako ta a jirgin ruwa zuwa Ikko, aka ɗoro ta a kan tirela har Kano. Wata biyar ya yi yana jin daɗinta. Mun ga ya kamata mu yi bayanin wannan al'amari ga masu karatu, musamman malamai da akawuna, domin mun san akwai waɗanda suka fara lissafin tara albashi ko cin adibas don irin wannan mota, kuma da yawa daga cikinsu su ne attajiran garuruwansu kan nemi shawararsu kafin su saki kuɗi.

Abin Da Ya Jawo Sha'awar

Ba ƙwalisa kaɗai ta kai mutuminmu ga wannan ciniki ba. Ran 29 ga Mayu, 1999 aka koma mulkin farar hula, kuma ran 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar an janye tallafin fetur. Kafin wannan sanarwa ta biyu farashin lita na gwamnati bai kai Naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ya haura Naira 1,000. Wanda ya ke zirga-zirga kullum tsakanin Dawanau da cikin birni, ya bi ta Miltara da Bachirawa da Kurna, ya tsaya cikin cunkoso inji yana ci, shi ya san abin da wannan ya yi wa aljihunsa.

Har wa yau motar ba baƙuwa ba ce sarai a ƙasar nan. Cikin Nuwamba 2020 kamfanin Stallion ya nuna Hyundai Kona mai lantarki wadda ya harhaɗa a Ikko, a ka ce kuɗinta wajen Naira miliyan 24 a lokacin. Hukumar gwamnati mai kula da ƙera motoci, NADDC, ta tsaya wa abin sosai a zamanin shugabanta Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya yi suna a Amurka wajen zana siffar motar Chevrolet Volt. Cikin Afrilu 2021 hukumar ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, daga baya aka yi wasu a jami'o'in Ikko da Nsukka. A Maiduguri kuma wani saurayi, Mustapha Gajibo, ya ɗauki ƙananan bas-bas ya cire injinansu ya mai da su na batir, suka yi ta jigilar mutane cikin gari. A 2024 gwamnati ta ɗauke wa motocin lantarki harajin VAT. A 2025 kamfanin CFAO, wanda kakanninmu suka san kantinsa a Kano tun zamanin Turawa, ya fara sayar da motocin BYD na ƙasar Sin a Ikko. Can Habasha ma abin ya wuce nan, gama tun farkon 2024 suka hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai.

To, duk wannan gaskiya ne. Amma mai karatu ya lura, kusan duk abin da muka lissafa a Ikko ya ke, ko a harabar jami'a. Daga Ikko zuwa Kano kuwa ya fi kilomita 1,000.

Kowace Mota Da Ƙasarta

Ga abin da masu sayarwa ba su cika faɗi ba. Kamfani ba ya ƙera mota don duniya duka. Yana ƙera ta ne kashi-kashi, wannan ta Amurka, wannan ta Turai, wannan ta Sin, wannan ta Jafan. A motar fetur wannan bambanci bai dame mu ba, domin bakin tanki ɗaya ne, fetur ɗin Kano kuma shi ne na ko'ina. Shi ya sa muka shekara da shekaru muna hawan motocin Beljiyam da na Kwatano ba tare da mun tambayi asalinsu ba. Motar lantarki ba haka ta ke ba, kuma bambancin yana farawa tun daga bakin caji.

Bakunan nan iri-iri ne. Motocin Turai suna da wanda a ke kira Type 2, na saurin caji kuma CCS2. Na Amurka suna da Type 1 da CCS1, ban da na kamfanin Tesla wanda ya ke daban. Jafan suna da CHAdeMO. Sin kuwa suna da nasu, GB/T. Sunayen ba su da daɗin faɗi, amma duk mai niyyar saye ya rubuta su a takarda ya sa a aljihu, gama na wannan ba ya shiga na wancan. Don cajin gida na sannu-sannu a kan sami ɗan mahaɗi mai arha a warware matsalar. Na saurin caji shi ne mai wuya, domin ba tsarin ƙarafan kaɗai ya bambanta ba, har harshen da mota da tashar caji su ke magana da juna ba ɗaya ba ne, mahaɗin da zai yi musu tafinta kuwa yana da tsada, kuma ba kullum ya ke aiki ba. Mutum zai iya isa tashar caji a Abuja batir ya kusa ƙarewa, ya ga wuta ga ta, amma ba ta shiga motarsa.

Sa'an nan ga wutar kanta. Tamu ta gida bolt 230 ce, kusan daidai da ta Turai da ta Sin. Ta soket ɗin gidajen Amurka 120 ce, saboda haka wayar cajin da a kan haɗo da motar Amurka wani lokaci ba ta jure tamu, sai an sake ta. Motocin Ingila da Jafan kuma sitiyarinsu a dama ya ke, mu kuwa tun ran 2 ga Afrilu, 1972 muka koma bin hannun dama a titi, doka ba ta yarda da mai sitiyari a dama ba. Kanikawanmu sun gwanance wajen juya sitiyarin motar fetur. Amma a wannan, inda wayoyi masu kisa su ke bi ta ƙarƙashi, ba mu ba kowa shawarar ya gwada ba.

Na uku shi ne wanda ya kama mutuminmu. Motar da aka yi don kasuwar Sin allonta da rubutunsu ya ke, taswirar da ke cikinta ta garuruwansu ce, manhajar da a ke sarrafa ta da ita a waya sau da yawa tana neman lambar wayar can. Kamfani yakan aiko wa motocinsa gyare-gyare ta intanet ba tare da mai mota ya je gareji ba, amma wadda ta ƙetare iyakar da aka yi ta dominta takan rasa wannan. Ta zama kamar yaron da aka ɗauke daga makarantarsu aka kai shi wani lardi ba da takardar canji ba: ga shi a aji, amma babu sunansa a rajista.

Daga nan sai maganar garanti. Yawancin kamfanoni sukan lamunci batir shekara 8 ko kilomita 160,000, wanda ya riga zuwa. Dillali zai karanta maka wannan da murya mai ƙarfi. Abin da ba zai karanta ba shi ne sharaɗin da ke ƙasa, cewa lamunin yana aiki ne a yankin da aka sayar da motar tun farko. Batir kuwa shi ne kashi mafi tsada a jikinta. Kuma kamfanoni kan gano aibi bayan sun sayar. Cikin Fabrairu 2021 Hyundai ya sanar zai sauya batirin motoci wajen 82,000 a duniya, galibinsu Kona, saboda tsoron gobara, kuma kyauta ya yi wa masu su. Wannan halin kirki ne. Amma wasiƙar kiran tana zuwa ne ga wanda sunansa ke littafin wakilin kamfani. Wanda ya sayo tasa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci a Amurka, kamar yadda a ke yi da yawa, wa zai rubuto masa?

Zafinmu Da Ƙurarmu

Batirin litiyam ba ya son zafi, mu kuwa a Kano cikin Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa. An riga an ga misali. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, wadda ta ke hamada ce mai zafi irin namu, suka yi ta kukan batirinsu yana raguwa da sauri, domin irin wannan mota ba ta da ruwan sanyaya batir, iska kawai ta dogara da ita. Tsofaffin Leaf suna da arha a kasuwar gwanjo, shi ya sa su ke jan ido. Mai saye a nan ya nemi wadda a ke sanyaya batirinta da ruwa, in ya sami mai irin batirin da a ke kira LFP ya fi, don ya fi jure zafi da yawan caji. Ya kuma tanadar mata rumfa. Batirin a ƙarƙashin mota ya ke shimfiɗe, saboda haka tudun rage gudu da a ke ginawa ba bisa awo ba, da kwazazzabon hanyar ƙauye da damina, abin tsoro ne a gare ta fiye da sauran motoci. Tana da nauyi kuma, tana cin taya.

Lissafin Wuta

Bari mu yi lissafi irin na aji. Matsakaiciyar motar lantarki takan ci wajen yunit 16 na wuta a tafiyar kilomita 100. Cikin Afrilu 2024 aka sa wa masu layin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a yini, Naira 225 kowane yunit. Ka ga 16 sau 225 ya ba da Naira 3,600. A ƙara abin da ke salwanta wajen caji, a ce 4,000. Motar fetur mai shan lita 8 a wannan tafiya, a kan Naira 1,000, ta ci 8,000. Riba a fili ta ke, rabi da rabi.

Amma lissafin ya tsaya ne a kan wuta ta zo. Soket na gida yana ba da abin da bai wuce yunit 2 zuwa 3 a sa'a ba, batirin Kona babba kuwa yunit 64 ne, watau in ya ƙare sarai sai ya yi fiye da kwana ɗaya da wuta ba ta ɗauke ba kafin ya cika. Da akwatin caji na bango mai kilowat 7 a kan gama cikin sa'a 9 ko 10, in tiransifomar unguwa da wayar gida za su ɗauka. Yawancin na'urorin caji kuma in ƙarfin wuta ya faɗi sai su tsaya, in gida ba shi da wayar da aka binne a ƙasa don kariya sai su ƙi farawa ma, gidajenmu da yawa kuwa ba su da ita. Ba mu manta da Oktoba 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako cikin duhu. Wanda ya ce zai koma ga janareta, to, ya sani ƙaramin janareta yunit 2 ko kusa da haka ya ke fitarwa daga litar fetur, saboda haka yunit 16 lita 8 ce. Ya dawo inda ya tashi, ga ƙara ga hayaƙi.

Hanyar da muka ga ta dace da ƙasarmu ita ce rana. Faifan sola goma masu wat 500 kowanne, a rufin sito irin na Dawanau, za su iya tara yunit 20 ko fiye a yini mai haske, abin da ya ishi tafiyar kilomita 100 da ɗoriya. Ɗan kasuwa kuwa motarsa a tsaye ta ke tun hantsi har la'asar, daidai lokacin da rana ta ke aiki. Mutuminmu haka ya yi, kuma a nan bai yi kuskure ba. Zuwa birni da komowa, zuwa Bichi ko Dawakin Tofa, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Katsina ma, mai wajen kilomita 170, za ta kai shi. Komowar ce sai ya kwana ya nemi soket.

Gyara

Masu yabon motar nan suna da gaskiya da su ke cewa ba ta da yawan laulayi. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kafireta, babu salansa. Birki yana daɗewa, gama injin lantarkin da kansa ya ke rage gudu yana mai da wuta cikin batir. Taya da ƙafa da gilas da fenti duk aikin kanikawanmu ne na yau da kullum. Tana ma da ƙaramin batir mai bolt 12 irin na kowace mota, kuma sau da yawa in ta ƙi tashi shi ne ya mutu, abin da za a sauya cikin minti goma in an sani.

Wahalar tana ga sauran. Dattawa za su tuna da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Abin da ya sa ta mallaki hanyoyin Arewa ba ƙarfinta kaɗai ba ne. Kowace tasha akwai wanda ya san cikinta, kayanta kuma ko a Ƙofar Ruwa ko a Fanteka ta Kaduna sai ka zaɓa. Motar lantarki da aka sayo daga wata nahiya ba ta da wannan gata. Ba a gane ciwonta da kunne ko da hanci, sai an jona mata kwamfuta, kwamfutar kuma sai mai manhajar kamfanin. Wani kayan ko an samo shi an ɗaura, ba zai yi aiki ba sai an gabatar da shi ga ƙwaƙwalwar motar da izinin kamfani. Har mota iri ɗaya, suna ɗaya, ta Sin da ta Turai kayansu kan bambanta.

Muna kuma jan kunnen kanikawa da iyayen yaran da ke koyon aiki a gareji. Duk wayar da aka yi wa launin ruwan goro a cikin motar nan tana ɗauke da wajen bolt 400, wasu ma 800. Ba irin girgizar batirin mota da aka saba ba ce. Wannan kashewa ta ke yi. Akwai yadda a ke katse ta kafin a taɓa, da safar hannu ta musamman. Kanikawa huɗun nan da suka duba suka ja da baya, mu a ganinmu sun fi wanda zai ce bari ya gwada hankali. In batirin ya kama wuta kuma yana da wuyar kashewa, yakan sake tashi bayan an ɗauka ya mutu, don haka kada a kwana da wadda ta bugu a ƙasa cikin zaure ko kusa da buhunan hatsi.

Saboda haka wanda ya nace sai ya saya, shawararmu ya fara da wakilin kamfani na cikin ƙasa, ko da kuɗin ya ɗara na dillali, ya kuma sa a rubuta masa a takarda inda za a gyara ta, da wanda zai biya kuɗin ɗaukarta zuwa can. In ta hannu ce, kada ya dubi fenti ko kilomitar da ta yi kaɗai. Ya sa a auna lafiyar batir da kwamfuta a gabansa, a gaya masa kashi nawa cikin ɗari ya rage, ya kuma bi lambar jikinta ya ga ko ta taɓa nutsewa a ruwa. Ya tambayi irin bakin cajinta, da harshen allonta. Malamin da albashinsa ne kaɗai abin dogaronsa, wanda in mota ta kwanta wata biyu ba shi da ta biyu, mu dai ba mu ga ya kai ga wannan ciniki ba tukuna. Babur ko keke mai batir ya fi kusa da shi, domin kayansu sun fi samuwa, kuma masu gyaran sola suna gane kansu.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu ma'aikatan ilmi. Kwalejin horar da malaman sana'a ta tarayya tana nan Bichi, a kan wannan hanya ta Katsina. Makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ga ta nan kusa. Ga makarantun sana'a na jiha. Yaron da ya iya karanta zanen wayoyi, ya san awon bolt da amfiya, ya iya riƙe kwamfuta, shi ne bakaniken wannan mota, ba mai ƙarfin damtse ba. Motocin sun riga sun fara shigowa, ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma horar da malami ɗaya shekara uku ya ke ci.

Da muka sake bi ta Dawanau bayan an yi shuka, muka tarar an yaye tamfol. Wani yaro mai haɗa sola ne ya ɗauki hoton rubutun da wayarsa, wayar ta fassara masa, aka gane akwatin da ke karɓar wuta daga soket ya ba batir ne ya ƙone, mai yiwuwa wata wuta mai ƙarfi da aka kawo da dare ce ta yi masa lahani. Wakilin nan na Sin ya aiko da wani ta jirgin sama, ya zo bai dace ba, aka sake aikowa. Da aka ɗaura, sai da wani ma'aikaci daga can ya shiga motar ta intanet, yaron yana riƙe da waya yana nuna masa allo, kafin ta yarda da sabon akwatin. Mako goma sha ɗaya ta yi a kwance. Muka tambayi mai ita ko zai sayar. Ya ce, "A'a Malam, wa zai saya? Ina nan da ita, amma yanzu rana kaɗai na ke ba ta. In tafiya ta wuce Bichi kuwa, tsohuwar na ke ɗauka."